Helios Voting a zaɓen wakilan sa-kai: akwatin lafiya lau, sai dai wa ke riƙe da makulli?

Duk ƙungiyar da ta sa ƙafa a harkar tafiyar da al'amuran intanet, komai ƙanƙantarta, ranar zaɓe tana nan tafe gare ta. Ko dai a sabunta shugaba da sakatare, ko a tura mutum biyu kwamitin shirya taron ƙasa, ko a fitar da wanda zai riƙe ƙuri'ar ƙungiyar a AFRALO, reshen Afirka na masu amfani da intanet a cikin ICANN, hukumar da ke kula da sunaye da adireshin intanet a duniya. Kujerun nan ba albashi a kansu. Abin da ke kansu shi ne tarukan Zoom da tsakar dare, da takardun Turanci masu shafi hamsin, sai tikitin jirgi jefi-jefi. Tikitin nan kuwa shi ke sa zaɓen da ake gani kamar wasa ya raba abokan shekara goma. Ƙananan ƙungiyoyinmu na Zango a Akra, daga Nima da Mamobi har Madina, sun fi sabawa da ɗaga hannu ko ƙuri'ar WhatsApp. Helios Voting, shafin zaɓe na kyauta da ake samu a heliosvoting.org, shi ne abin da masu ɗan sanin fasaha a cikinmu kan kawo idan gardama ta yi zafi. Tambayar ita ce ko ya dace da mu.

Abu biyu yake yi, kuma yana yin su da kyau ƙwarai. Yana ɓoye abin da mutum ya zaɓa, har ga wanda ya shirya zaɓen, kuma yana ba kowane mai zaɓe hanyar tabbatar da cewa ƙuri'arsa ta shiga lissafi. Duk abin da ya rage bayan waɗannan a wuyan kwamitin zaɓe yake, kuma a can ne zaɓukan wannan fanni suka saba karyewa.

Mutanen Akra ba baƙin wannan magana ba ne. A Oktoban 2000 ICANN ta yi zaɓen duniya ta intanet don cike kujeru biyar na hukumarta, kujera ɗaya ga kowane yanki, kuma Nii Quaynor ɗan Ghana ne ya ci ta Afirka. Mutum kusan 158,000 suka yi rajista, amma lambar sirrin shiga ta gidan waya aka aika wa kowa, a ambulan. Waɗanda suka kammala rajistar ba su wuce kimanin 76,000 ba, waɗanda suka jefa ƙuri'a kuma kimanin 34,000. A duk faɗin Afirka ƙuri'un ba su kai 200 ba. Da hukumar ta zauna a nan Akra a Maris 2002, ta nuna ƙarara cewa ba za a maimaita irin wannan zaɓe ba. Shi ya sa yau kwamitin tantancewa ne ke naɗa takwas daga cikin daraktoci 16 masu ƙuri'a, da biyar daga cikin mambobi 15 na ALAC, kwamitin da ke ba ICANN shawara a madadin masu amfani da intanet. Na'urar ƙirga ba ta yi laifi ba a wancan zaɓe. Abin da ya gagara shi ne sanin waye mai zaɓe, da isar masa da mabuɗinsa.

Shi Helios, Ben Adida ne ya fito da shi a 2008. Lambobin manhajar a buɗe suke ga duk mai son dubawa ko ɗora ta a kan tasa uwar garken. Jami'ar Katolika ta Louvain a Beljiyam ta zaɓi shugabanta da shi a 2009, ƙungiyar masanan kimiyyar ɓoye bayanai ta duniya, IACR, kuma tana amfani da shi tun 2010. Dabararsa ita ce ana kulle ƙuri'a tun a cikin wayar mai zaɓe kafin ta fita, kuma ba a taɓa buɗe ta ɗaya-ɗaya. Ana tara su ne a kulle, jimillar kaɗai ake buɗewa. Kamar a ɗora buhunan masara guda tamanin kan sikeli lokaci guda, a san nauyinsu duka, ba tare da an kwance bakin ko ɗaya ba.

Shirya zaɓen

Wanda ya saba cike fom a intanet zai gama shiri cikin rabin awa. Mai shiryawa ya shiga da asusunsa na Google, ya ba zaɓen gajeren suna wanda zai fito a adireshin shafin, da cikakken suna, da bayani, da imel ɗin da masu matsala za su tuntuɓa, sai lokacin buɗewa da na rufewa. Agogon shafin na UTC ne, wanda ya yi daidai da na Ghana ba ragi ba ƙari. Sa'a ce gare mu, amma mamban da ke Kano ko Yamai awa ɗaya yake gaba, don haka a rubuta lokaci biyun a sanarwa: ƙarfe 6 na yamma agogon Akra, ƙarfe 7 agogon Najeriya da Nijar.

Akwai 'yan akwatuna uku da mutane kan tsallake, alhali su ne masu nauyi. Na farko yana mayar da zaɓen na cikin gida, ta yadda sai wanda ke cikin rajista zai ga shafin. Na biyu yana sauya sunayen masu zaɓe da laƙabi irin V1, V2, V3 a allon da ke nuna waɗanda suka jefa. Idan ba a kunna shi ba, kowa na ganin wanda ya yi zaɓe da wanda bai yi ba, kuma ɗan takara mai naci zai kwana yana buga wa na biyun waya. Amma idan an kunna, mambobi sun rasa damar duba ko akwai baƙon suna a cikin masu jefawa. A ƙungiyar da ake zargin juna da cusa sunaye, gara a bar sunayen a fili a jure wa kiran waya. Na uku yana jujjuya jerin 'yan takara ga kowane mai zaɓe, don kada wanda sunansa ya zo farko ya ci ribar ragwancin masu latsa abin da suka fara gani. Wannan a kunna shi kullum.

Kowace kujera tambaya guda ce, kuma ana faɗa wa shafin mafi ƙaranci da mafi yawan sunayen da mutum zai iya zaɓa. A sa mafi ƙarancin ya zama sifili. In aka sa ɗaya, wanda bai gamsu da kowa ba a kujerar ma'aji ba zai iya wucewa zuwa ta sakatare ba sai ya zaɓi wanda ba ya so, kuma an ɓatar da wani saƙo mai amfani: yawan waɗanda suka ƙi zaɓar kowa. Kujerar da ba hamayya kuma a mayar da ita tambayar "na amince" ko "ban amince ba", in dai tsarin mulkin ƙungiya ya tanadi hakan.

Rajistar masu zaɓe fayil ne na CSV, layi ɗaya mutum ɗaya: kalmar password da ke nuna hanyar shigarsa, lambar shaidarsa, imel ɗinsa, cikakken sunansa, da waƙafi tsakaninsu. Shafin yana nuna misalin jerin, a bi shi harafi da harafi. Kurakuran nan sanannu ne. Waƙafi a cikin suna, irin "Musa, Alhaji", yana raba layin gida biyu. Sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ suna iya fitowa a hargitse idan ba a adana fayil ɗin da tsarin UTF-8 ba. Harafi ɗaya da ya ɓace a adireshin imel kuwa ya hana mutum zaɓe ke nan, kuma ba wanda zai sani sai ya zo yana ƙorafi ranar rufewa. Tunda sunaye da imel ɗin mutane za a ɗora a uwar garken da ke wajen ƙasa, a sanar da mambobi tun a fom ɗin shiga ƙungiya, a nemi yardarsu. Dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ba ta ware ƙananan ƙungiyoyi don ƙanƙantarsu ba.

Mataki na ƙarshe shi ne daskarar da zaɓen. Da zarar an yi, tambayoyi da sunayen 'yan takara da masu riƙe makulli ba sa canzuwa, ko da kuskuren rubutu ne a sunan wani. Shafin zai fitar da wata doguwar lamba, tambarin zaɓen, wadda ke canzawa idan an taɓa komai a cikinsa. A kwafe ta a aika wa kowa. Sai bayan nan ne ake iya tura wa masu zaɓe saƙon da ke ɗauke da lambar shaida da kalmar sirri. Kafin duk wannan, a yi zaɓen gwaji da mutum biyar, a tambaye su wace ta fi tsakanin waake da tuwon zafi, a bi shi har zuwa fitar da sakamako. Kwamitin da ya tsallake gwaji, a zaɓen gaske zai koyi aikin.

Masu riƙe makulli

Nan ne ƙarfin Helios, nan ne kuma ramin da ya fi zurfi. Idan ba a taɓa komai ba, shafin da kansa ne ke riƙe makullin buɗe sakamako. Wannan ya fi sauƙi, ba abin da zai ɓace, amma fa an miƙa sirrin ƙuri'u ga masu uwar garken bisa amana kawai. Don a fita daga wannan, ana ƙara amintattu daga cikin ƙungiya. Kowanne zai sami imel da mahaɗa tasa, ya shiga, burauzarsa ta ƙera masa makulli mai kashi biyu. Kashi ɗaya yana tafiya shafin. Ɗayan, wani dogon rubutu ne na lambobi da ba ya karantuwa, shi zai kwafe ya ajiye. Babu kwafinsa a ko'ina sai wanda ya ajiye.

Ga sharaɗin da ya kamata a karanta wa kowane amintacce sau biyu: ranar buɗe sakamako, dole makullan su hallara duka. In uku ne, uku ake bukata. Biyu ba sa buɗewa. Babu wani ma'aikacin kamfani da za a kira, babu maɓallin "na manta". In ɗaya ya ɓace, ƙuri'un sun kulle har abada, sai dai a sake zaɓe daga farko. Wanda ke ganin wannan tsoratarwa ce kawai ya dubi abin da ya sami IACR a Nuwamban 2025. Ƙungiyar da mambobinta su ne malaman wannan ilimi a duniya ta kammala zaɓenta na shekara, ɗaya daga cikin amintattunta uku ya rasa makullinsa, aka soke zaɓen aka sake sabo, suka kuma ce nan gaba biyu cikin uku za su wadatar. In malaman sun zame a wurin, ɗalibi sai ya taka a hankali.

Yadda ya fi aminci shi ne a mayar da ƙera makullin zama na ido da ido. A tara amintattun a ɗaki ɗaya, kowa da kwamfutarsa, ba waya ba, domin kwafe dogon rubutu a waya yakan yanke kai ko wutsiya. Kowa ya manna makullinsa a fayil na rubutu zalla. Kada a sa shi a Word, don yakan sauya alamomin zance ya lalata shi. A adana a filash biyu. Ɗaya ya tafi da shi gida, ɗayan a sa a ambulan a manne, ya sa hannu a kan bakin, a ba wani dattijon da kowa ya yarda da shi kuma ba ya cikin takara, limamin unguwa ne ko wani uban ƙungiya. Kafin kowa ya tashi, ya koma shafinsa na amintacce ya gwada makullin da ya adana, shafin yana da wurin yin haka, kuma daga filash ɗin zai kwafo, ba daga abin da ke kan allo ba. Abin da ba a so shi ne a ji "Hajiya, ki turo min naki ta WhatsApp in ajiye miki." Ranar da makullai uku suka taru a waya ɗaya, amintacce ɗaya ake da shi.

Nawa za a naɗa? Ga ƙungiya mai mambobi ƙasa da ɗari, mutum biyu daga ɓangarorin da ba sa ga maciji, haɗe da shafin kansa a matsayin na uku, sun isa. Kowane ƙarin mutum ƙarin sirri ne, kuma ƙarin hanyar rushewar zaɓe ne. Akwai ma wata barazanar da ba ta fasaha ba: amintaccen da ya hango ɗan takararsa zai sha ƙasa yana iya cewa filash ɗinsa ya faɗi a motar haya ta tiroto. Ambulan ɗin da ke hannun dattijo maganin wannan ne.

Daga ɓangaren mai zaɓe

Shafin da Turanci yake, kuma fuskarsa irin ta da ce, ba ado. Yana buɗewa a waya, amma tunda kulle ƙuri'ar a cikin wayar ake yi, kuma kowane suna da ke takardar ana kulle shi daban tare da hujjarsa ta lissafi, tsohuwar waya takan ɗan yi jim idan 'yan takara sun yi yawa. A yi amfani da Chrome ko Firefox. A guji Opera Mini a yanayinsa na tsimin data, domin ba a cikin wayar yake sarrafa shafi ba.

Mutum zai zaɓi sunaye, ya duba, shafin ya kulle ƙuri'ar ya nuna masa lambar bin sawu, haruffa da lambobi 43 a cakuɗe. A daidai nan ake asarar ƙuri'u. Ganin wannan lamba yana sa mutum ya ɗauka ya gama, ya rufe shafin ya koma harkarsa. Bai gama ba. Sai ya miƙa ƙuri'ar, ya shigar da lambar shaida da kalmar sirrin da aka aiko masa, ya latsa maɓallin ƙarshe mai ɗauke da kalmar CAST, sannan saƙon tabbaci ya shigo imel ɗinsa. Bayan an rufe za a ji wani yana cewa, "Malam Sakatare, wallahi na jefa, ga ma hoton lambar a wayata." Gaskiya yake faɗa, hoton na nan, amma ƙuri'ar ba ta shiga akwati ba. Maganin ba shi da tsada: saƙon murya na minti biyu da Hausa a zauren ƙungiya, da hotunan fuskar waya guda huɗu, da jimla ɗaya da za a yi ta maimaitawa, cewa wanda bai ga saƙon tabbaci ba bai yi zaɓe ba. Mai shiryawa kuma yana iya aika tuni ga waɗanda ba su jefa ba kaɗai. A yi haka a rana ta uku da kuma jajibirin rufewa, a kuma ce wa mutane su leƙa akwatin tarkacen saƙonni, don saƙon daga adireshin Helios yake fitowa, ba daga na sakataren da suka sani ba.

Lambar bin sawun ita ce kwatankwacin takardar nan mai ruwan hoda ta sakamakon rumfa, wadda duk wanda ya bi shari'ar zaɓe ta 2013 a Kotun Ƙolin Ghana ya san darajarta. Kowa na iya zuwa allon zaɓen ya ga lambarsa a jikin sunansa ko laƙabinsa. Akwai kuma hanyar gwada na'urar kanta: bayan an kulle ƙuri'a, mutum na iya cewa a fasa ta a nuna masa abin da ke ciki, ya tabbatar sunan da ya latsa ne aka kulle. Wadda aka fasa ba a jefa ta, sai a koma a kulle sabuwa. Mutane ƙalilan ne za su yi wannan, amma wakilin kowane ɗan takara ya kamata ya yi sau biyu ko uku.

Ana iya sake jefa ƙuri'a sau nawa aka ga dama kafin rufewa, ta ƙarshe ce ke shiga lissafi. Wannan yana taimakon wanda yayansa ko maigidansa ya tsaya a kansa har ya zaɓi wanda aka ce masa, don yana iya komawa daga baya ya gyara. Sai dai kariyar ba cikakkiya ba ce, tunda lambar bin sawu tana canzawa a allo, mai sa ido zai gane. Masu Helios da kansu sun faɗa cewa ba a yi shi don zaɓen da ake tsoron tursasawa ba. Kuma wuƙar tana yanka ta ɗaya gefen: duk wanda ya sami kalmar sirrinka zai iya jefawa bayanka ya shafe taka. A nan ne wata al'ada tamu ke cizo. Mutane da yawa ba su suka buɗe Gmail ɗinsu ba, mai gyaran waya ne a unguwar Circle ta Akra ko wani ƙane a gida ya buɗe musu ranar da aka sayi wayar, kuma kalmar sirrin tana hannunsa har yau. Ga Helios, mai akwatin imel shi ne mai ƙuri'a.

A ba zaɓen kwana bakwai. Kwana ɗaya ko biyu ba sa ɗaukar ɗaukewar wuta da ƙarewar data, balle irin ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gabar Afirka ta Yamma, intanet ta yi kwanaki tana rarrafe a Ghana. Shafin yana ba mai shiryawa damar ƙara wa'adi, don haka a rubuta tun farko wane dalili ne zai halatta ƙarin, kuma wa zai yanke. In ba haka ba, ƙarin kwana ɗaya zai zama hujjar wanda ya faɗi.

Abin da bai taɓa ba

Helios ba ya tambayar yadda suna ya shiga rajista. Abin da aka ɗora masa shi yake aiki da shi. Darasin AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a Afirka daga mazauninta a Moris, ya isa misali. Bayan shekaru ba ta da hukumar gudanarwa, tana hannun mai riƙon da kotu ta naɗa tun 2023, an shirya zaɓen kujeru takwas a Yunin 2025. Ranar 23 ga wata, ana dab da rufewa, aka dakatar da shi saboda takaddama kan takardun wakilci, wato mutum ya zo da takarda yana cewa wani kamfani ya ba shi izinin jefa ƙuri'a a madadinsa. Bayan kwanaki kaɗan aka soke zaɓen gaba ɗaya. Da aka sake a Satumba, ta intanet kaɗai aka yi, ba wakilci.

Ƙaramar ƙungiya ta ɗauki abu uku daga nan. A rufe rajista kafin a buɗe tsayar da 'yan takara, a ce sai wanda ya kai wata shida da shiga, don kada wani ya biya wa abokansa talatin kuɗin shiga ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a daren ƙarshe. A liƙa jerin sunayen, ban da imel, na tsawon mako guda don masu ƙorafi, a ajiye kwafin da shugaban kwamiti da wakilan 'yan takara suka sa wa hannu, domin a gwada shi da abin da ke allon Helios bayan rufewa. Sannan a hana wakilci kwata-kwata, tunda mai waya a hannu da kwana bakwai a gabansa ba ya bukatar wakili. Inda mambobin ƙungiyoyi ne ba ɗaiɗaikun mutane ba, kowace ta aiko da wasiƙa mai sa hannun shugabanta da sakatarenta, ta ambaci mutum ɗaya da imel ɗaya.

Tsayar da 'yan takara ma a wajen shafin ake yin sa. Tsarin da ke aiki shi ne kwana 14 na kawo sunaye, kowane suna da mai gabatarwa da mai mara baya, sai kwana 7 wanda aka ambata ya amsa a rubuce cewa ya yarda. Wannan amsar ba ƙa'idar banza ba ce. A cikinmu kunya takan hana mutum cewa a'a idan babba ya ambace shi a bainar jama'a, sai ya ci kujerar ya ɓace. Kowane ɗan takara ya rubuta bayanin da bai wuce kalma 300 ba, ya faɗi inda yake aiki, da ko yana da alaƙa da kamfanin sadarwa ko hukumar gwamnatin da zai zauna da su a teburi, da awa nawa zai iya bayarwa a mako. Helios yana ba da damar liƙa mahaɗa a jikin kowane suna, sai a sa bayanin a nan. 'Yan kwamitin zaɓe ba sa tsayawa takara. Wajen fitar da su kuwa, dabarar IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin fasahar intanet, abar aro ce: daga cikin waɗanda suka miƙa kansu, mutum goma ake fitarwa ta hanyar lissafin da aka jingina da lambobin da ba wanda ya san su tukuna, irin sakamakon lotiri na wata rana da aka ayyana tun farko. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kalmar lotiri ba, sunaye a cikin hula bayan La'asar, yaro ya zaro a gaban kowa, aikinsu ɗaya.

Babban gibin Helios shi ne ba ya karɓar ƙuri'ar jeri, wadda mutum ke cewa wannan na farko, wancan na biyu. A ɗauka ƙungiya mai mambobi 84 za ta cike kujeru uku, kowa na zaɓar suna uku. In mutum 45 suka haɗa kai a kan nasu ukun, sun kwashe duka, sauran 39 sun tashi hannu rabbana. Da ƙuri'ar jeri mai canja hannu, wadda ake kira STV, kason cin kujera 22 ne, wato 84 a raba huɗu a ƙara ɗaya, masu 45 su sami biyu, masu 39 su sami ɗaya. A Helios abin da za a iya yi shi ne a rage mafi yawan zaɓi zuwa ɗaya ko biyu, wanda ke buɗe wa marasa rinjaye ƙofa in sun tattara ƙuri'unsu. A kujera guda mai 'yan takara huɗu kuma, mutum na iya ci da kashi 30 cikin ɗari, sai dai a tanadi zagaye na biyu, wanda ke nufin sabon zaɓe, sabbin makullai, sabon mako.

Wanda tsarin mulkinsa ya wajabta jeri ya duba wani wurin. OpaVote yana ƙirga STV, kyauta ne ga ɗan ƙaramin zaɓe, in an yi yawa a biya da dala ta katin banki, amma sirri da ƙirga duk amana ce ga kamfanin. CIVS na Jami'ar Cornell kyauta ne kuma na jeri ne, sai dai dole kowane mai zaɓe ya fara zuwa ya amince a riƙa aiko masa saƙo, matakin da ke zubar da mutane tun kafin a fara. Belenios, na masu bincike a Faransa, ɗan gidan su Helios ne a dabara, kuma ya toshe ramin makulli tunda ana iya cewa biyu cikin uku sun isa, amma shirya shi ya fi cin lokaci. Google Forms ba akwatin zaɓe ba ne, mai fom yana ganin amsoshi yana kuma iya gogewa. Ƙuri'ar WhatsApp kuwa tana nuna wa kowa wanda ya zaɓi wa, ta dace da tsayar da ranar taro.

Ga ƙungiya mai mambobi daga talatin zuwa 'yan ɗaruruwa, masu imel na kansu, da kujeru na zaɓi ɗaya ko na amincewa, Helios ya cancanci wahalarsa, kuma ba a biyan ko sidi ɗaya. Ƙasa da mutum goma sha biyar ba ya da amfani sosai, don sakamakon tara da ɗaya yana tona asirin kowa komai ƙarfin makulli, takarda da kwali a ɗaki ɗaya sun fi. Ranar buɗewa, mai shiryawa zai sa shafin ya tara ƙuri'un a kulle, kowane amintacce ya shiga ya manna makullinsa, a haɗa, mai shiryawa ya ga sakamako kafin ya sake shi ga jama'a. Wannan 'yar tazara tsakanin ganinsa da sakinsa tana haifar da zargi, don haka a yi matakin a gaban wakilan 'yan takara, allo ɗaya kowa na kallo. In an yi kunnen doki, shafin lambobi kawai zai nuna, ba zai raba ba. Ko zagaye na biyu ne, ko hula, a rubuta shi a sanarwar farko tare da ranar rufe rajista.